Giyar Inabi da Takardar Izini: Yadda Wani Kwari a Kalifoniya Ya Ƙetare Shekarun Haramci

Daga 17 ga Janairu 1920 zuwa 5 ga Disamba 1933, kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta yin giya da sayar da ita da safararta. Abin da aka fi ji game da wannan zamani shi ne labarin 'yan fasa-ƙwauri da bindigogi da mashayar ɓoye. Amma a cikin waɗannan shekaru kusan 14 akwai giyar inabin da aka sayar da rana tsaka, da rasit, da hatimin gwamnati a jikin ganga. Wannan nazari ya bi sawun wani kwarin manoman inabi a jihar Kalifoniya, wanda za mu riƙa kira "kwarin" kawai, da wani gidan matsar inabi a cikinsa, wanda za mu kira "gidan Bafaranshe", don a ga ƙofofin da doka ta bari a buɗe, da waɗanda aka bi aka yi asara, da wadda aka bi aka fita.

## Kafin 1919: halin da ake ciki

Kwarin yana arewa da San Faransisko, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Tsawonsa kimanin kilomita 50 ne, duwatsu dama da hagu, rana da zafi, dare da sanyi. Wani Bajamushe ne ya kafa gidan matsa na kasuwanci na farko a wurin a 1861. Zuwa 1889 gidajen matsa sun haura 140.

Sai annoba ta sauka. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake kira filoksera, mai cin saiwar kuranga a ƙarƙashin ƙasa, ya cinye fiye da kashi 80 cikin 100 na gonakin inabin kwarin kafin shekarar 1900. Maganinsa ɗaya ne, wato aure: a samo gindin inabin daji na Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura masa reshen inabin Turai, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma kuranga sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba da 'ya'yan kirki. A riƙe wannan lissafi na shekara uku zuwa huɗu, zai sake dawowa a gaba.

Bafaranshen ya iso Kalifoniya a 1883. Yana da ilmin haɗa sinadarai, kuma sana'arsa ta farko da ta kama ita ce bin gidajen matsa yana sayen wani gishiri-gishiri da ke daskarewa a cikin tsofaffin ganguna, yana tace shi ya sayar wa masu yin hodar burodi. Ta haka ya san kowane gida da mai shi. A 1900 ya sayi eka 4 a tsakiyar kwarin, ya shiga shigo da dashen da ƙwaro ba ya ci daga Faransa yana sayar wa maƙwabta, ya kuma riƙa ƙara gonaki. Shi ɗan ɗarikar Katolika ne, yana da kyakkyawar hulɗa da babban bishop na San Faransisko, kuma tun shekaru da dama kafin a yi dokar haramci ya samu amincewar coci cewa giyarsa ta cancanci a yi ibada da ita. A lokacin wannan ciniki ɗan ƙarami ne a gefen babban ciniki.

A faɗin jihar akwai gidajen matsa sama da 700. Sau biyu, a 1914 da 1916, aka kai wa masu zaɓe na Kalifoniya ƙudirin hana giya suka kayar da shi. Wannan ya sa manoma da yawa suka saki jiki, suna ganin ko an yi doka, barasa mai ƙarfi da mashaya za ta shafa, ba abin da Bataliye yake sha da abincin dare ba.

## 1919 zuwa 1920: doka ta sauka

Ranar 16 ga Janairu 1919 adadin jihohin da suka amince da gyaran kundin tsarin mulki na 18 ya cika 36, aka ba da wa'adin shekara guda. Tun kafin wa'adin ya cika, wata dokar wucin-gadi ta lokacin yaƙi ta tsayar da cinikin giya daga 1 ga Yuli 1919. Ranar 28 ga Oktoba 1919 majalisa ta zartar da Dokar Volstead, bayan Shugaba Woodrow Wilson ya hau kujerar na-ƙi an rinjaye shi. Wannan doka ce ta fayyace abin da ake nufi da "mai sa maye": duk abin sha da ke da rabin kashi ɗaya cikin 100 na barasa. Giyar inabi ta yau da kullum tana da kashi 12 ko kusa da haka. Ba ta tsira ba.

Sai dai dokar ba ta hana sha ba, ba ta kuma taɓa abin da mutum ya saya ya ajiye a gidansa kafin ranar ba. Masu hali suka cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, gidajen matsa suka yi rige-rigen fitar da abin da za su iya zuwa ƙasashen waje. Ragowar da ba ta fita ba aka rufe ta a ma'ajiya ƙarƙashin idon jami'an haraji, ba a ɗebo ko galan guda sai da takarda.

Ga abin da dokar ta bari. Sashe na 6 ya halatta giyar ibada, amma ba a sayar wa kowa sai fada (limamin Katolika) ko limamin wata coci ko malamin Yahudawa, ko jami'in da majami'a ta wakilta, kuma da takardar neman izini mai sa hannu. Sashe na 7 ya bar wa likita ikon rubuta barasa a matsayin magani. An bar amfani da ita a masana'antu: yin binega, haɗa magunguna, gyara ɗanɗanon abinci da taba. Sai Sashe na 29, wanda a ƙarshensa aka ce hukuncin dokar bai hau kan wanda ya matsa ruwan tuffa ko ruwan 'ya'yan itace "marar sa maye" don amfanin gidansa kawai ba. An saka wannan jimla ne don kada a ɓata da manoman karkara masu matsa tuffa, waɗanda su ne ƙashin bayan masu goyon bayan haramcin.

A kwarin, mafi yawan gidajen matsa rufewa suka yi. Wasu manoma ba su jira ganin ƙarshen abin ba, suka tuge kurangun da suka sha wahalar yi wa aure, suka dasa fulam da ake busarwa da goron walnat. Wasu a wasu sassan ƙasar suka gwada cire barasar daga giyar su sayar da lami. Paul Garrett, mai giyar Virginia Dare, ya zuba kuɗi a wannan, masu saye suka ɗanɗana suka juya baya.

## 1920 zuwa 1925: inabi ya zama zinariya

Waɗanda suka tuge kuranga su suka fara cizon yatsa. Kafin dokar, tan ɗaya na inabin matsa yana kaiwa tsakanin dala 10 zuwa 30. A kakar 1920 da ta 1921 wasu irin sun haura dala 100.

Dalili shi ne Sashe na 29. Akwai tsohuwar ƙa'idar haraji da ta yarda magidanci ya yi galan 200 a shekara don iyalinsa, wato kusan lita 757, jarka 30 ke nan mai cin lita 25. Sayar da giya laifi ne, amma sayar da ɗanyen inabi ba laifi ba ne. A Niyok da Shikago da Boston da Filadalfiya kuwa akwai dubban daruruwan baƙi 'yan ci-rani daga Italiya da Girka da gabashin Turai waɗanda suka gaji matsa inabi daga iyaye da kakanni. Ga mai nema, ga abin nema, sai dai tsakaninsu akwai kilomita kusan 4,800.

Jirgin ƙasa ne ya haɗa su. Ana tsinke inabi a jera a akwatunan katako, a loda a taragu masu ƙanƙara, a yi fiye da mako guda a hanya. A tashoshin kaya na Niyu Jasi, tsallaken kogi daga Niyok, dillalai suna gwanjon tarago sukutum, wani lokaci tarago ɗaya ya sauya hannu sau da yawa ba a ko buɗe shi ba. Daga nan ƙananan 'yan kasuwa su kai unguwanni a keken doki da motoci. A watan Oktoba, a unguwannin Italiyawa, kwata kan yi ja da dusar inabin da aka matse aka zubar.

A nan ne abin ya taɓa gonar kanta. Irin inabin da ke ba da giya mai kyau, irinsu Kabane da Rizlin, ƙananan 'ya'ya ne masu siririyar fata, kafin su isa gabas sun fashe sun ruɓe. Wanda ke jure tafiya shi ne Alikante Bushe: fatarsa kauri, ga girma, ga kyan gani a akwati. Duk wanda ya taɓa loda kwandon tumatir zuwa Legas ya san wannan lissafi, mai taurin fata ake nema, ba mai daɗi ba. Alikante yana da wata fa'ida kuma. Yawancin jan inabi cikinsa fari ne, launin a fata yake, amma shi har tsokarsa ja ce wur. Don haka mai matsa zai tace ruwan farko, ya zuba ruwa da sukari a kan dusar ta sake tsimuwa, ya sake tacewa, wani har sau uku, kuma duk ja zai fito. Giyar ba ta da daɗi, amma tana da yawa. Manoman kwarin da yawa suka sare kan kurangunsu masu daraja suka yi musu aure da Alikante da makamantansa. A faɗin jihar kuwa gonakin inabi, daga kimanin eka 300,000 a 1919, sun haura eka 600,000 zuwa 1927.

Saura tambaya guda: ruwan inabin da ya tsimu a gida ya kai kashi 12, shi ma "marar sa maye" ne? Wani ɗan majalisa daga Baltimo, John Philip Hill, ya tsokano shari'ar da gangan. Ya matsa tuffa da inabi a gidansa, ya gayyaci jama'a, ya sanar da hukuma. A 1924 aka gurfanar da shi. Alƙali ya bayyana wa masu taya shi hukunci cewa ma'aunin rabin kashi ɗaya bai shafi abin da aka yi a gida ba, sai gwamnati ta tabbatar cewa abin yana bugarwa a zahiri. Aka wanke Hill. Daga nan hukuma ta kau da ido daga gangar magidanci.

## 1921: kantin magani

Ƙofar takardar likita ba ta yi wa kwarin wani amfani mai yawa ba. Wanda ya je wa likita da wannan niyya wiski yake so. A Nuwamba 1921 kuma Dokar Willis-Campbell ta ƙara matse ta: ba a rubuta wa mutum fiye da rubu'in galan na giyar inabi, ƙasa da lita guda, a cikin kwana 10, kuma likita ba ya wuce takardu 100 a kwana 90 sai da dalili. Abin da ya ɗan yi kasuwa shi ne giyar inabin da aka zuba wa magani aka kira ta maganin ƙarin jini da ƙarfi, wadda ake saye ba takardar likita. Masu saye sun gano cewa wasu in aka sanyaya su maganin yakan kwanta a ƙasan kwalba. Hukuma ta riƙa sauya ƙa'idar haɗin don ya ƙi shaɓuwa. Akwai kuma giyar girki da ake zuba wa gishiri da gangan. Manyan kamfanoni ne suka ci wannan kasuwa, ƙaramin gidan matsa bai da hannun shiga.

## 1920 zuwa 1926: ƙofar coci da ta majami'a

Gidan Bafaranshe bai rufe ko rana guda ba. A farkon 1920 ya karɓi lasisin yin giyar ibada da sayar da ita, yana cikin na farko-farko a ƙasar.

Dokar cocin Katolika ta ce ba a yin Jibin Ubangiji, ibadar gurasa da ƙoƙon inabi, sai da giyar da aka matsa daga inabi zalla, ba gauraye, ba lalatacciya. Ruwan inabi marar barasa, irin wanda Thomas Welch ya fara dafawa a 1869 kuma cocin Metodis ta rungume shi, bai wadatar ba a wurinsu. Saboda haka fada a wani ƙauye na Ohayo ko Wiskonsin yana bukatar wanda zai amince da shi cewa abin da ke cikin ganga tsarkakakke ne. Takardar shaidar babban bishop ita ce wannan amincewa, kuma Bafaranshen yana da ita tun kafin a san za a nemi irinta.

Cinikin da takarda yake tafiya daga farko har ƙarshe. Fada ya cika takardar nema ya sa hannu, hukumar cocin yankin ta tabbatar shi nata ne, jami'in haramci ya amince, sannan gidan matsa ya fitar da adadin da aka rubuta, ya shigar a littafi, ya adana takardar don ranar bincike. Bafaranshen ya buɗe ofisoshi da wakilai a gabas da tsakiyar ƙasar don su bi wa limamai wannan zirga-zirga. Da oda ta fi ƙarfin gonarsa sai ya shiga sayen inabin maƙwabta, har da giyar wani gida a wani kwari na kudu maso gabashin San Faransisko, wanda shi ma ta wannan hanya ya rayu. A 1923, lokacin da gine-ginen matsa ba su da mai so, ya sayi wani tsohon gini na dutse a kusa da gonarsa ya faɗaɗa aiki. Kuma da yake masu sayensa giya suke karɓa a ganga ba ɗanyen inabi a tarago ba, bai da dalilin sare kurangunsa masu daraja.

Akwai abin da lissafi ba ya ɓoyewa. A wancan zamani fada kaɗai ke sha daga ƙoƙon jibi, jama'a gurasa kawai suke karɓa, kuma abin da yake zubawa bai wuce 'yan kurɓi ba. Amma giyar ibadar da aka fitar daga ma'ajiyu a faɗin ƙasar ta tashi daga kimanin galan miliyan 2.1 a 1922 zuwa kusan miliyan 2.9 a 1924. Ƙarin galan 800,000 a shekara biyu, ba tare da an ga masu ibada sun ƙaru haka ba. Wani kaso ya bi ta teburin cin abincin limamai da na abokansu. Kaso mafi tsoka, a ganin hukuma, ta ɗaya ƙofar, ta majami'ar Yahudawa, ya fita.

Ibadar Yahudawa a gida ake yin ta. Ana sa albarka a kan ƙoƙon giya daren Asabar, ana shan ƙoƙo huɗu a daren Idin Ƙetarewa. Don haka dole giyar ta bar majami'a ta shiga gidaje, aka kuma ƙayyade galan 10 ga kowane iyali a shekara, malami ne zai karɓo ya raba. Matsalar ita ce addinin Yahudanci ba shi da bishop. Babu wani ofishi guda da zai ce wannan malami ne, wancan ba malami ba ne. Sai 'yan damfara, da yawansu ma ba Yahudawa ba, suka riƙa zuwa da jerin sunayen mabiya da suka kwafo daga littafin lambobin tarho ko daga kan kaburbura. Wata majami'a a Los Anjalas ta tashi daga iyalai 180 zuwa kusan 1,000 a ɗan lokaci, har malaminta na gaskiya ya koka. Shugabannin Yahudawa su abin ya fi ƙona wa rai, domin sunansu ake ɓatawa. A 1922 babban malaminsu Louis Ginzberg ya ba da fatawa cewa ruwan inabi marar barasa ya isa a yi ibada da shi. A 1926 hukuma ta tsaurara ƙa'idar wannan ɓangare, ta rage adadin, ta soke lasisi da yawa, abin da ake fitarwa ya faɗi ƙasa sosai. Gidajen matsa da suka jingina da wannan kasuwa sun ji jiki. Ta Katolika kuwa ba a rufe ta ba.

## 1926 zuwa 1929: kaya ya yi kwantai

Kurangun da aka dasa a 1921 da 1922 saboda ganin tsada, duk tare suka fara haihuwa. A kakar 1926 dubban taragu na inabi suka bar Kalifoniya. Taragun ƙanƙara suka yi ƙaranci, waɗanda suka isa suka tarar kasuwa ta cika, kaya suka ruɓe a kan layin dogo. Inabi ba hatsi ba ne da za a kai rumbu a jira farashi. Manomin da ya ci bashin banki ya sayi gona da tsada sai ga shi wani lokaci kuɗin da aka sayar da kayansa bai biya kuɗin jirgi ba. A wannan shekara manoma suka kafa ƙungiya ta jiha don daidaita lodi, amma ba ta iya rage yawan kurangun da ke ƙasa ba. Karayar tattalin arzikin 1929 ta zo ta same su a kwance. A 1930 har inabi aka saya a kan kurangarsa aka bar shi ya lalace, don dai a rage abin da ke shiga kasuwa.

## 1929 zuwa 1931: bulo da ganga

Dabarar ƙarshe ita ce a mai da inabi abin da ba ya ruɓewa. Ana dafa ruwansa ya yi kauri kamar zuma, ko a daskarar da shi ya zama bulo, kamar mazarƙwaila. Wanda ya fi suna shi ne Vino Sano, na wani ɗan kasuwa a San Faransisko. A jikin irin wannan bulo akan rubuta gargaɗi, wai bayan an narkar da shi a galan guda na ruwa, kada a ajiye shi a tulu a wuri mai ɗumi har mako uku, domin zai zama giya, kuma wannan laifi ne. Mai karatu ya gane, kifi na ganinka mai jar koma.

A 1929 manyan kamfanonin inabi suka haɗu suka kafa Fruit Industries. Suka samu rancen miliyoyin daloli daga hukumar tallafa wa manoma ta gwamnatin tarayya, wato gwamnatin da ke kama masu giya. Lauyarsu kuwa Mabel Walker Willebrandt ce, wadda daga 1921 zuwa 1929 ita ce mataimakiyar babban lauyan gwamnati mai kula da shari'o'in haramci. Hajarsu Vine-Glo ta shiga kasuwa a Milwoki a ƙarshen 1930. Mutum ya zaɓi ɗanɗano ɗaya cikin takwas, a kawo masa ganga har gida, ma'aikacin kamfani ya buɗe ta ya tafi, bayan kwana 60 ya dawo ya tace ya ɗura a kwalabe ya manna takarda. A kan takarda magidanci ne ya yi abinsa a gidansa.

Wannan ya wuce gona da iri a idon masu goyon bayan dokar. Sashe na 18 na Dokar Volstead ya hana sayar da duk wani haɗi da aka tsara don yin giya ba bisa ƙa'ida ba. A 1931 wata kotun tarayya a birnin Kansas ta kama wani kamfanin ruwan inabi mai irin wannan ciniki da laifi, kuma kafin shekarar ta ƙare Fruit Industries ya dakatar da kai ganga gida-gida. Ko a lokacin da abin ke tashe bai shanye rarar inabin jihar ba, kuma ɗan abin da ya shanye yawanci na manyan gonakin tsakiyar jihar ne, ba na kwarin ba.

## 1933 da bayanta

A Afrilu 1933 aka halatta abin sha mai kashi 3.2 na barasa, wanda ya yi wa masu yin giyar hatsi daidai, amma ga masu inabi sai dai a tsarma ruwa. Ranar 5 ga Disamba jihar Yuta ta cika ta 36 da ta amince da gyaran kundin tsarin mulki na 21, haramcin tarayya ya faɗi.

Daga gidajen matsa sama da 700 na Kalifoniya, waɗanda suka kai wannan rana da lasisi a hannu ba su kai 200 ba. Ɗaruruwa suka yi rububin buɗewa a 1934. Gangunan katako da suka shekara 13 a bushe sun tsage ko sun yi funfuna, ƙwararrun ma'aikata sun mutu ko sun sauya sana'a, gonaki cike da Alikante. Giyar da aka yi cikin gaggawa ta riƙa yin tsami, wata ta ci gaba da tsimuwa a kwalba har ta fashe a kan kanta. Da yawa cikin sababbin gidajen ba su shekara huɗu ba suka rufe.

Gidan Bafaranshe kuwa ranar ta same shi da ma'ajiya cike da giyar da ta kwana biyu, da ma'aikatan da hannunsu bai huce ba, da wakilai a manyan birane. Ana ƙiyasta cinikinsa ya ninka huɗu a shekarun haramcin, abin da yake yi a shekara ya kai galan miliyan guda. A 1938 ya je Faransa ya ɗauko wani masanin giya ɗan asalin Rasha, wanda daga baya ya horar da yawancin masu wannan sana'a a kwarin. Bafaranshen ya rasu a 1940.

## Me ya raba su

Duka ƙofofin nan halal ne a idon dokar Amurka, aƙalla a farko. Abin da ya bambanta su shi ne ko akwai mai gadi a bakin ƙofa. Ta ɗanyen inabi ba ta da kowa: duk mai fili zai iya dasawa, aka dasa har kasuwa ta shaƙe, kuma tsadar 1921 ita ce ta haifi kwantan 1926. Ta malaman Yahudawa ba ta da wanda zai tantance mai shiga, 'yan damfara suka cika ta, hukuma ta matse ta. Ta bulo da ganga kamfani ne ya faɗaɗa ta da kansa har ta fito fili, kotu ta rufe. Ta Katolika ce kaɗai ke da mai sa hannu wanda gwamnati ba ta so ta yi rigima da shi, kuma wanda shi ma yake da sunan da zai kare. Ƙanƙantarta ce ta hana ta rushewa, ta kuma hana masu gasa shiga.

A ganina ba wayo ne ya fid da Bafaranshen ba, ko da yake yana da shi. Takardar da ta cece shi an rubuta ta ne lokacin da ba ta da wata daraja a kasuwa, kuma maƙwabcin da ya farga a 1920 ya riga ya makara. Ba kuma zan ce hannunsa fes yake ba. Wanda ke fitar da dubban ɗaruruwan galan ya san ƙoƙon jibi ba zai shanye su ba. Abin da ya yi shi ne tsayawa inda takarda ta tsaya, bai tambayi inda ganga ta kwana ba, dokar kuma ba ta ce ya tambaya ba.

Manomin da ya koma Alikante ma ba wauta ya yi ba, ya ci ribar shekara biyar da bai taɓa ganin irinta ba. Kwarin ne ya biya bashin daga baya. An daɗe ana tuge waɗannan kurangu, giyar da aka fi saye a Amurka ta zama mai zaƙi da ƙarin barasa har zuwa ƙarshen shekarun 1960, kuma sai a 1966, shekara 33 bayan soke dokar, aka sake gina wani sabon babban gidan matsa a kwarin.